Amsa ga Hajiyar da ƙaninta ya fito daga gidan yari

Wa alaikumus salam. Hajiya, kin ce ƙaninki ya dawo Gusau bayan shekara biyu a tsare, ko kallonsa aka yi sai ya ce an raina shi, an kuma ba ku shawarar kai shi wajen masanin halayyar ɗan Adam, kina tambaya ko magana kaɗai tana gyara mutum. Aikin gandiroba na yi har na yi ritaya, tun kafin dokar 2019 ta mayar da sunan gidan yari zuwa gidan gyaran hali, ga abin da idona ya gani.

A ciki, mai kyakkyawan zato shi ake cuta. Sai zuciya ta koyi fassara ɗaya tak: duk wanda ya matso, da sharri ya zo. Can garkuwa ce, a gida ita ce ciwon.

Hanyar da masu ba ku shawarar suke nufi, CBT, wato gyaran tunani da ɗabi'a ta hanyar tattaunawa, wani likitan Amurka mai suna Aaron Beck ne ya fito da ita a shekarun 1960. Ta sha bamban da nasiha. Na ga wata ma'aikaciya tana yi da wani saurayi da ya fasa wa abokin ɗakinsa baki kan an zubar masa da kunu. Ta raba takarda gida uku: abin da ya faru, abin da zuciyarka ta raya maka, abin da ka aikata. Bai yi boko ba, da ajami ya rubuta, "Da gangan ya yi don ya ga ni baƙo ne." Ta ce ya kawo wani dalilin daban. Ya yi shiru har na ƙosa, can ya ce, "Ko santsi ne ya kwashe shi." Ni lokacin dariya abin ya ba ni, Allah na tuba. Amma mako-mako suna zama, tana ba shi aikin da zai gwada, har ya kai ga kawo dalili uku kafin ya ɗaga hannu. Ba kowa na ga ta yi wa aiki ba, musamman wanda aka tilasta.

Idan ƙaninki yana jin muryoyin da ba wanda ke ji sai shi, ko ya daina barci, ko akwai ƙwaya a lamarin, ku fara da likitan ƙwaƙwalwa, akwai asibitin tarayya na Kware a Sakkwato.

A gida kuma, in ya ce wane ya raina shi, kar ki ƙaryata shi. Bari ya huce, ki kawo masa abinci, sannan ki ce, "Ban da raini, me kake gani zai sa ya yi haka?" Ko bai amsa ba ranar, ki ƙyale shi.