Bege, bangaskiya da haƙurin Ayuba: amsar wasiƙun makon nan

Wasiƙu uku zan taɓa yau, duka daga 'yan'uwa Kiristoci mazauna Sakkwato, kuma da ganin yadda aka rubuto su ka san ciwo ne ya sa aka ɗauki alƙalami.

Ta farko daga wata baiwar Allah ce a Mabera, wadda mai gidanta ya rasu bayan doguwar jinya. Ta ce: "Malam, ranar jana'iza fasto ya ce kada mu yi baƙin ciki kamar marasa bege. Ni a sanina bege na masoya ne, saurayi ya yi begen budurwa. Me ya kawo kalmar soyayya cikin zancen mutuwa?"

'Yar'uwa, Allah ya ƙara haƙuri, ya raya abin da ya bari. Kunnenki bai yaudare ki ba. A bakin Bahaushe, bege shi ne kewar wanda ba ya nan, haɗe da ɗokin ganinsa. Ɗan ci-rani a Legas yana begen gida. Uwa tana begen ɗanta da ya yi nisa. Ga shi kuma kina zaune a garin da waƙar begen Annabi ta yi gida tun zamanin Shehu Usmanu da 'yarsa Nana Asma'u, kuma sha'irai na rera ta har gobe. Ki lura, ba ki cika jin an ce wane yana begen kuɗi ko begen ƙarin albashi ba. Mutum ake bege, ko wurin da masoyi yake.

Ayar da fasto ya ɗauko tana cikin 1 Tasalonikawa 4:13. Kalmar da Manzo Bulus, marubucin wasiƙar, ya yi amfani da ita a Girkanci, wato elpis, tana nufin jiran abin da ke tafe da tabbacin zai zo. Masu fassara suna da kalmomi da dama a gabansu. Akwai fata, amma fata ya yi sauƙi da yawa, shi ne muke wa mai tafiya a bakin tasha, fatan alheri. (Kada a haɗa shi da fatar akuyar nan ja da aka san Sakkwato da ita, wannan mace ce, shi kuwa fatan alheri namiji ne, muryarsu ma ta bambanta.) Akwai tsammani, sai dai da kokwanto a cikinsa, har Bahaushe na yi masa ba'a da cewa tsammanin warabbuka, malam ya ƙi noma don zakka. Buri kuwa na mai son kaiwa wani matsayi ne. A wasu fassarorin za ki tarar an sa "sa zuciya", kuma ba laifi, ya fi kusa da Girkancin kalma da kalma.

Ni dai ra'ayina bege ya fi dacewa. In kika ci gaba da karatu zuwa aya ta 17, za ki ga maganar ta ƙare ne a kan zama tare da Ubangiji har abada. Ashe abin da ake jira saduwa ce da wani. Bulus ya kuma faɗa a Romawa 8:24 cewa abin da ido ya riga ya gani ba a ƙara jiransa. To haka begen Bahaushe yake: ranar da ɗan ci-rani ya sauka a tashar garinsu, begen gida ya ƙare. Don haka begen da kike wa marigayi da wanda fasto ya ambata ba su yi hannun riga ba. Ayar ma ba ta hana kuka ba, irin kukan kawai ta bambance.

Bari in ƙara miki wani abu da ya daɗe yana burge ni. Me muke cewa in mutum ya fid da rai gaba ɗaya? Ya yanke ƙauna, ko ya ɗebe ƙauna. Likita ya duba majinyaci, dangi suka fito suna cewa an fid da ƙauna. A nan ƙauna ba so take nufi ba, sa rai take nufi. Ke nan a Hausa kalmar so tana ɗauke da sa rai a cikinta, kalmar da aka ba sa rai kuma tana ɗauke da so. Idan aka karanta 1 Korintiyawa 13:13 a majami'a, inda aka jera bangaskiya da bege da ƙauna, mai jin Hausa yana jin biyun ƙarshe sun riga sun sarƙe da juna tun kafin mai wa'azi ya buɗe baki.

Wasiƙa ta biyu gajeriya ce, daga wani ɗalibi a Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Yana tambaya ko bangaskiya kalma ce ta aro, tunda abokansa Musulmi imani suke cewa.

Ɗana, imani ce ta aro, daga Larabci ta zo, ko da yake ta daɗe da zama 'yar gida. Bangaskiya kuwa ginin Hausa ne tsantsa: an haɗa "ban" da "gaskiya". Wannan ban ɗin shi ne na ban ruwa, ban kwana, ban girma, ban tausayi, ban haƙuri, duk daga aikatau ba ko bayar. Rubutu ne kawai ya manne ta wuri ɗaya, sauran aka bar su a rabe. Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda ya fara fita cikakke a 1932 da aikin su Dokta Walter Miller na Zariya, shi ya zaunar da ita a bakin Kiristoci.

Ka duba inda Bahaushe ke amfani da wannan ginin a rayuwar yau da kullum. Mutum biyu sun yi jayayya, an je gaban alƙali ko mai unguwa, sai a ce an ba wane gaskiya. Wato an yarda abin da ya faɗa haka yake. Mai bangaskiya ke nan shi ne wanda ya ba Allah gaskiya. Ba wuya a ba shi ita ranar suna ko ranar da aka ci jarrabawa. A gadon asibiti ne, lokacin da duk shaidun da ido ke gani suke faɗin akasin haka, kalmar take nuna nauyinta. Ibraniyawa 11:1 ta bayyana ta a kan tabbacin abin da ba a gani ba, surar kuma ta ci gaba da jero mutanen da wasunsu suka mutu ba su karɓi abin da aka yi musu alkawari ba.

Ta uku ita ta fi tsaya mini a rai. Wani dattijo ne daga ƙasar Zuru, 'yan bindiga suka raba shi da gonarsa, yanzu yana zaune wurin ɗansa a Kwannawa. Jikarsa ce ta rubuta masa, ta kuma bar maganar yadda ya faɗe ta: "Tun da munka baro gida kowa ce mini yake bayan wuya sai daɗi, in yi haƙurin Ayuba. Wuya dai mun sha ta. Daɗin ina ya tsaya? Ko wanga karin magana ƙarya ne?"

Baba, sannu da haƙuri. Ba zan ce maka ƙarya ne ba, ba kuma zan ce alkawari ne ba. Karin magana ba aya ba ce. Kowanne da wurin da ake jefa shi, kuma Bahaushen da ya ce mahaƙurci mawadaci, ya ce mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa, shi ne dai ya ce haƙurin kaya sai jaki. Ya san akwai haƙurin da ba ya haifar da komai sai ƙarin kaya. Bayan wuya sai daɗi magana ce ta manomi: a sha zafin bazara, wanda kowa ya san yadda yake a Sakkwato cikin Afrilu, a yi shuka, a yi noma, kaka ta zo. Ga wanda aka raba da gonar kuwa, lissafin bai fita ba, kuma mai faɗa maka ita ya kamata ya auna bakinsa.

Game da Ayuba, mutane sun fi sanin sunansa da littafinsa. Mu a Hausa mai haƙuri shi ne wanda ya haɗiye, bai ce uffan ba, shi ya sa a zaman makoki ake tambaya "ya haƙuri?" a amsa "da godiya". Ayuban da ke cikin Littafi Mai Tsarki bai haɗiye ba. A sura ta 3 ya la'anci ranar da aka haife shi. Ya yi ta kai ƙara, yana neman Allah ya fito ya amsa masa. Abokansa uku, Elifaz da Bildad da Zofar, sun yi kwana bakwai zaune tare da shi ba su ce komai ba, kuma wannan ne mafi kyawun abin da suka yi, don da suka buɗe baki sai suka shiga jero masa hikimomi masu kama da karin magana, wai wuya ba ta samun mutum sai da laifi. A sura ta 42 su Allah ya tsawata wa, ya ce ba su faɗi daidai a kansa ba kamar bawansa Ayuba.

Abin da Yakubu 5:11 ta yaba wa Ayuba, a Girkanci hupomone ne, ma'anarsa tsayawa ƙarƙashin kaya ba tare da an gudu ba. Hausarsa ta fi kusa da jimiri ko dauriya. Mai jimiri yana iya nishi, yana iya kuka, har yana iya tambayar dalili, abin da bai yi ba shi ne juya baya. Ayuban da ya la'anci ranar haihuwarsa shi ne a 19:25 ya ce ya san mai fansarsa yana da rai. Yesu ma a kan gicciye, a Markus 15:34, da farkon Zabura 22 ya ɗaga murya, yana tambayar Allah don me ya yashe shi. Romawa 5:3-5 ta jero su kamar matakala, daga shan wuya zuwa jimiri, daga jimiri zuwa halin da aka gwada, daga nan zuwa bege. Ka lura, Baba, daɗi ba ya cikin jerin.

In kana neman karin maganar da ta fi dacewa da halin da kake ciki, ni zan ba ka komai nisan dare gari zai waye. Ita ba ta ce daren gajere ne ba, ba ta kuma sa lokaci ba. Jikar taka ta karanta maka Littafin Makoki sura ta 3, tun daga farkon surar, kada ta tsallake zuwa aya ta 22 da ta 23 inda ake zancen jinƙan da ke sabunta kowace safiya. Wanda ya rubuta ta shi ma an rushe garinsu, an kwashe mutanensa.