Rubutun jikin gwangwanin malta ba ya koya maka girki

Maigida, barka da aiki. Na karanta abin da aka rubuta a jikin gwangwanin malta: ruwa, tsiron sha'ir, dawa, sukari, karamel, furen hop mai ba da ɗaci da iskar gas. Na niƙa dawa, na dafa da sukari, na tace, sai ya fito mini kamar kunu. Na zuba a robobi, kwana 2 suka kumbura, ya yi tsami yana wani irin wari. Tunda kamfani ya faɗi abin da ya zuba, me ya hana nawa ya zama irin nasu?

Yarona, kamfani ya ba ka sunaye ne, bai ba ka awo ba, bai kuma gaya maka zafin wuta da tsawon lokaci ba. Abu biyu kawai za ka tsinta a wannan rubutu. Ana jera kayan ne daga mafi nauyi zuwa mafi ƙanƙanta, don haka abin da ke ƙarshe ɗan kaɗan ne. Sannan akwai wurin da ake rubuta yawan sukari a mililita 100. Idan ka ga giram 12, to lita 10 na buƙatar kilo 1.2 na zaƙi gaba ɗaya, na hatsi da na sukari. Ko masu dafa giya a gida a Turai da Amurka, waɗanda wasu kamfanoni ke ba cikakken awo, kamar yadda BrewDog na Sikotlan ya fitar da girke-girkensa sama da 200 a 2016, kusa da na kamfanin kawai suke kaiwa, don ruwa da tukunya sun bambanta. Malta ƙanwar giya ce a wajen dahuwa, hanya ɗaya suke bi, sai dai ita ba a barin yis, mai mayar da sukari barasa, ya taɓa ta.

Kuskurenka na farko, ka tsallake kalmar "tsiro". Ɗanyar dawa yawancinta sitaci ne, in ka dafa ta kunu za ta ba ka. Sai ƙwayar ta fara tsirowa take fitar da sinadarin da ake kira amilas, wanda ke narkar da sitaci ya mayar da shi sukari. Kada rashin sha'ir a Yamai ya dame ka. Lokacin da Najeriya ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, ga dawa kamfanoninta suka koma.

Ka nemi farar dawa ta bana, kilo 2. Ja tana da bauri. Kada ka taɓa irin shuka da aka cuɗa da magani, ko wadda aka sa wa maganin ƙwari a rumbu. Kafin ka sayi buhu, ƙirga ƙwaya 100, naɗe a jiƙaƙƙen tsumma. In kwana 3 suka yi ba ka ga 90 sun tsiro ba, bar ta. Wanke ta, kwashe masu tasowa sama, jiƙa ta kwana guda kana canza ruwa duk awa 6. Sai ka baza a kan tsabtataccen buhun algarara a inuwa, kauri bai wuce yatsu uku ba, ka rufe da wani jiƙaƙƙe, kana yayyafa ruwa kana juyawa safe da yamma, kwana 4 zuwa 5. Tsiro na son digiri 25 zuwa 30, shi ya sa na Nuwamba zuwa Fabrairu ya fi kyau. A watan Afrilu, da zafin garin nan ke haura 40, yana iya ruɓewa cikin dare ɗaya. Wanda ya yi funfuna, kore ko baƙa, zubar da shi duka, wuta ba ta kashe gubarsa.

Shanya shi siriri a rana kwana 2, har ƙwayar ta riƙa ƙaras a haƙori. Daga nan murje shi da tafin hannu, ka sheƙe saiwoyi da ƴan ganyen gaba ɗaya. Wannan ba kwalliya ba ce: ɗanyen tsiron dawa na ɗauke da gubar sayanaid, ita ce ke kashe dabbar da ta ci dawa ƙarama a gona, kuma a saiwa da ganyen take taruwa. Za ka tashi da kamar kilo 1.5. Ɗebi giram 150 ka soya a busasshen kasko har ya yi launin gasasshiyar gyaɗa, shi ke ba da ƙanshin nan na malta. Kada ka wuce haka, don soyayyen ya rasa amilas ɗinsa. Ka ce wa mai inji ɓarzawa kake so, ba gari ba.

Yanzu ga inda dawa ke kayar da mutane, ka buɗe kunne. Sitacin dawa ba ya buɗewa sai zafi ya kai wajen digiri 70 zuwa sama, amilas kuwa a daidai wannan zafin yake fara mutuwa. In ka dafa su tare, ka kashe ma'aikacin kafin aiki ya zo hannunsa. Dabara ita ce a raba su. Zuba ɓarzajjen tsiron a ruwa lita 6 mai digiri 50, juya, bar shi minti 30 ya kwanta. Tsiyaye lita 2 na ruwan saman a kwano ka rufe, amilas na cikinsa. Abin da ya rage ka ɗora a wuta kana tuƙawa da muciya har ya tafasa minti 15. Zai yi kauri kamar talge, kuma in ka ɗauke hannu ya kama gindin tukunya, ƙaurin ba ya fita. Sauke, bar shi ya sauko 75, sannan ka mayar da ruwan da ka ajiye kana juyawa. Zai tsaya tsakanin 62 da 65. Ka lura da muciyar: cikin minti 5 za ka ji ta yi sauƙi a hannu, talgen ya tsinke ya koma ruwa. Rufe tukunyar, naɗe ta da bargo, awa ɗaya da rabi. Aikin nan ba a yin sa da yatsa, ka sayi ma'aunin zafi.

Don ka san ya gama, ɗiga cokali ɗaya a farin faranti ka sa ɗigon betadin na farmasi, maganin shafa wa rauni mai aidin. In ya koma shuɗi mai duhu, da sauran sitaci, ƙara minti 30. In ya tsaya ruwan ƙasa, ya yi. Abin farantin zubarwa ake yi.

Dawa ba ta da ɓawo irin na sha'ir da ke taimaka wa tata, don haka tacewa za ta ci maka rai. Rataye ƙyallen tata, bar shi ya ɗiga da kansa, ka bi dusar da ruwa lita 6 mai digiri 75 kaɗan-kaɗan. In ka matse, gari zai bi, ya kwanta a gindin kwalba. Tafasa ruwan minti 45 a buɗe kana kwashe kumfa. Hop ba ya samuwa a kasuwanninmu. Busasshiyar shuwaka tana ba da ɗaci mai kama, fara da giram 3 a minti 10 na ƙarshe, ka ɗanɗana, don ɗacin malta a bayan harshe kawai ake jin sa. Sukari giram 400: 250 ka zuba haka nan, 150 ka narkar a kasko har ya yi ja mai duhu, ka kashe shi da ruwan zafi kaɗan, fuskarka nesa. Cika da tafasasshen ruwa ya kai lita 10.

Robobin da suka kumbura kuwa, yis na iska da ƙwayoyin tsami ne suka samu ruwan zaƙi a ɗumi. Abin da ka shinshina farkon burkutu ne, kuma wanda ya ba ka kuɗinsa don malta amana ya ba ka. Gas ɗin da ke cikin na kamfani da inji ake tura shi. Duk gas da ya taso da kansa a kwalbarka, barasa ta taso tare da shi. Akwai kuma haɗarin da ya fi wannan: ruwan tsiro ba shi da tsami sosai, kuma a rufaffiyar kwalba mai irin wannan ruwa ƙwayar cuta mai shanye jiki na iya girma ba wari ba alama. Saboda haka zuba garin tsamin lemu giram 10, ka auna da takardar pH mai gwada tsami, sai ta nuna ƙasa da 4.5. Yi aiki da kwalaben gilas, ka bar robobin kasuwar Katako da aka riga aka sha. Wanke kwalaben da jabel, wato ruwan bilic, ɗauraye sosai, cika da zafinsa ka bar yatsu biyu a wuya, rufe da sabon murfi, jera su a tukunya da tsumma a ƙasa, ruwa digiri 75, minti 30. Su huce da kansu, sai firigo. Ka sayar cikin mako guda, in an ɗauke wuta suka kwana a ɗumi kada ka kai wa kowa.

Mai son ya ji gas, ka haɗa masa da ruwan soda mai sanyi a kofi lokacin sha, kashi uku malta, kashi ɗaya soda. In haka za ka yi, tsayar da dahuwar a lita 8 don kada zaƙin ya salance.