Kicin ɗina ya min kaɗan, ya zan yi?

Tambaya: Salam Anti, ciki da falo muke haya a Kano, kicin ɗin ko juyawa da ƙyar nake yi, banɗaki ma haka, kayan aurena duk suna jibge a ƙasa. Dan Allah a ba ni shawara.

Amsa: Wa alaikissalam 'yar uwa, bango za ki mora tunda ƙasa ta ƙare. Ki kira kafinta ya buga miki kanta hawa biyu ko uku, ƙasanta a kafa ƙusoshi ki rataye ludayi da mara da rariya. Shinkafa, wake, gari duk ki juye su a robobi masu murfi, kar ki bar buhu a kan siminti wlh damina na zuwa zai ja danshi ga kyankyaso ga ɓera, waken ma ki jefa masa busasshen barkono saboda ƙwari. Setin tukwanen da sai da sallah ake taɓawa kuwa su hau saman wadirof.

Banɗaki kwandon roba mai huji ya isa, ki rataye shi don soso da sabulu su tsane. Amma Hypo da Izal dan Allah can sama inda hannun yara ba ya kaiwa, kuma kar ki taɓa juye su a robar lemo, yaro gani zai yi abin sha ne.