Ƙugi da jinkirin murya a rikodin na gida: sabon saunkad zai magance su?

Tambaya daga wani mai karatu a Zariya: "Malam, barka da aiki. Ina ɗaukar waƙoƙin yabo da karatun littattafai a ɗakina da laftof, makirfo BM-800 da ɗan akwatin nan V8. Abu uku ke damuna: ƙugi a ƙarƙashin muryata, jinkirin da muryar ke yi kafin ta iso min a hedifon, da tsatsa da ke shiga lokaci zuwa lokaci. Na tara ɗan kuɗi. In sayi Focusrite Scarlett Solo ko Behringer? Kuma in na saya, shi ke nan na huta?"

Barka kadai, ƙanena. Amsar tambayarka ta ƙarshe ita ce a'a. Saunkad mai kyau, wato akwatin da ke shigar da sautin makirfo cikin kwamfuta irin waɗanda ka ambata, zai raba ka da jinkiri, tsatsar ma za ta tafi in ka saita shi daidai, amma ƙugin zai iya biyo ka har cikin sabon akwati, domin sau da yawa daga wutar gidanku yake fitowa. Saboda haka kafin ka taɓa kuɗinka, yi wannan gwajin yau.

Haɗa komai yadda ka saba, sa hedifon, ka yi shiru. Sai ka zare cajar laftof daga soket, ya koma kan batiri. In ƙugin ya ɗauke ko ya ragu sosai, ka kama mai laifi. Wutar Najeriya tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, wannan kaɗawar da 'ya'yanta ce kake ji tana "mmmm". Gidajenmu da yawa soket ɗinsu na da rami uku amma babu wayar ƙasa a bayansa, don haka dattin wutar da ya kamata ya bi ƙasa sai ya bi caja, ya shiga laftof, ya bi USB, ya sauka a rikodin ɗinka. Ƙaramin janareta da inbata mai araha, wadda wutarta ba ta fita sumul, sun fi wutar NEPA ɓata sauti. Caja ta jabu kuwa ba a magana.

Maganin da bai cin ko sisi shi ne ka cika batiri, ka ɗauki muryar a kansa, ka mayar da caja lokacin gyara da haɗawa. In kana da sifiku masu wuta, su da laftof su sha daga soket ɗaya. Wayar makirfo kada ta kwanta kan wayar wuta, wayar salularka kuma ta yi nesa da teburin. Wasu za su ce ka karya ƙafa ta uku ta fulogi ƙugi ya tafi. Kada ka yi. Wannan ƙafar ce ke tsakaninka da jan wuta ranar da wani abu ya lalace a ciki.

To, sai batun V8. Ba abin banza ba ne, amma ba don aikinka aka yi shi ba. Na masu fitowa kai-tsaye a TikTok da Facebook ne, masu son amsa-kuwwa da tafi da dariya a maɓalli ɗaya. Makirfo na shiga masa ta ƙaramin rami irin na iyafis, kuma irin wannan wayar ba ta da kariya daga hayaniyar wuta. Saunkad na sitidiyo yana karɓar makirfo ta XLR mai fil uku, inda sauti ke tafiya ta waya biyu a kishiyance, duk dattin da suka kwaso a hanya ya kashe kansa a bakin shiga. Wayar da ta zo cikin kwalin BM-800, mai XLR a gefe ɗaya da ɗan fil a ɗayan, ajiye ta. Sayi mai XLR gaba da baya, gajera, mita biyu ko uku sun isa.

Wanne za ka saya? Abu uku nake dubawa: yana ba da wutar 48V da makirfo kwandensa irin BM-800 ɗinka ke buƙata, yana da maɓallin jin murya kai-tsaye, kuma kamfaninsa ya yi masa dirabar ASIO tasa ta Windows, wato ƴar manhajar da ke sa kwamfuta ta yi magana da saunkad kai-tsaye don rage jinkiri. Na ukun nan shi mutane ke mantawa, shi kuma ya fi cizo. Behringer UM2 da UMC22 su ne mafi araha, amma ba su da dirabar kansu, sai dai ka jingina da dirabar gama-gari mai suna ASIO4ALL, wadda wata rana ta yi aiki, wata rana ta riƙe sautin kwamfutar gaba ɗaya har YouTube ya ƙi magana. In Behringer za ka saya, ƙara kaɗan ka ɗauki UMC202HD: mashiga biyu, bit 24, da dirabarsa. Scarlett Solo ya fi shi tsada, dirabarsa kuma ta zauna da gindinta, kuma in ka tashi sayarwa ba ka rasa mai so. Sai dai makirfo ɗaya kawai yake ɗauka, ɗaya ramin na jita ne ko fiyano. Kai da kake waƙar yabo, ranar da za ka so ɗaukar mai amshi tare da kai a makirfo na biyu, Solo ya tsaya. Don haka a wurina, mai ƙaramin aljihu ya ɗauki UMC202HD, mai ɗan hali ya tsallake Solo zuwa Scarlett 2i2 ko Audient EVO 4. Lambar 192kHz, wato yawan sau da akwatin ke auna sauti a daƙiƙa, da ake bugawa da manyan baƙaƙe a kwali kada ta ruɗe ka. A 48kHz da bit 24 za ka yi aikinka, kuma kunne ba zai nemi ƙari ba.

Jinkirin da kake ji kuwa lissafi ne. Kwamfuta ba ta karɓar sauti ɗigo-ɗigo, sai ta tara shi a ɗan ma'aji da ake kira bafa kafin ta sarrafa. In bafa na kan 1024 a 48kHz, cika ta kaɗai na cin kashi 21 cikin 1000 na daƙiƙa, fitowa ma haka, ga na juya sautin a cikin akwati. Mawaƙi na jin wannan sarai, ya riƙa tuntuɓe da muryarsa. A 128 kuwa cikawar ba ta kai kashi 3 ba. Amma ƙaramar bafa na wahalar da kwamfuta, in ta gaza sai ka ji "ƙas-ƙas" ɗin da ka kira tsatsa. Ka ga ke nan matsalolinka biyu igiya ɗaya ce ake ja ta gefe biyu. Lokacin ɗauka, gwada 128, in ya yi tsatsa koma 256. Lokacin haɗa waƙa da ɗora kayan gyaran murya, kai ta 512 ko 1024, tunda babu wanda ke rerawa. A manhajar da kake ɗaukar sauti da ita, FL Studio ko Cubase ko Reaper, shiga saitin sauti ka tabbata dirabar saunkad ɗin ka zaɓa, ba ta Windows ba.

In laftof ɗin tsoho ne, ga hanya mafi sauƙi: danna maɓallin jin murya kai-tsaye, muryarka ta taso daga makirfo zuwa hedifon ba tare da ta ratsa kwamfuta ba. Amma ka kashe jin muryar a cikin manhajar, in ba haka ba za ka ji ta biyu, ɗaya na bin ɗaya.

Tsatsar da ta ƙi tafiya ko a babbar bafa, duba waɗannan: saunkad ya shiga ramin USB na laftof kai-tsaye, ba ta mahaɗa mai rassa ba, tsarin wutar Windows ya bar yanayin tattalin batiri, musamman tunda na ce ka ɗauka a batiri, Windows da manhajar su tsaya kan lamba ɗaya, kada ɗaya na 44.1kHz ɗaya na 48kHz. Kashe Wi-Fi lokacin ɗauka ma yakan taimaka.

Akwai kuma "shhhh" wanda ba ƙugi ba ne. Wannan na fitowa ne in ka zauna nesa da makirfo ka murɗe gen, wato maɓallin ƙara ƙarfin makirfo, har ƙarshe. Matso, tsakanin bakinka da makirfo kamar taƙi ɗaya, sa matacin iska a tsakani, ka murɗa gen har mitar manhajar na yawo wajen -18 zuwa -12, in ka ɗaga murya kada ta wuce -6. In mitar ta nuna ja, ka ƙona ɗaukar, babu manhajar da za ta mayar da ita yadda take. Wutar 48V kuma tana da ladabi: haɗa makirfo tukuna, gen a ƙasa, sannan ka kunna, in za ka cire, kashe ta ka jira 'yan daƙiƙu. In ka ga murya na fita a kunnen hagu kaɗai, akwatin lafiyarsa lau, layin da ka buɗe a manhaja ne na sitiriyo; mayar da shi mono ka zaɓi mashiga ta ɗaya.

Wani abin da babu saunkad ɗin da zai gyara shi ne ɗakin. Bangon siminti, tayil da silin suna dawo da murya, kwandensa kuma komai yake kwasa, har fanka da kiran mai ruwa a waje. Katifa a jingine a bayanka, labule mai kauri da darduma a ƙasa za su canza rikodin ɗinka fiye da bambancin da ke tsakanin Behringer da Focusrite. In unguwarku na da hayaniya sosai, makirfo dinamik irin Shure SM58 ya fi maka BM-800, kuma shi bai ma buƙatar 48V.

In na hannu za ka saya, ko a Kano ko a Alaba ta Legas, tafi da laftof ɗinka, makirfo da hedifon, dirabar kuma ka riga ka sauke ta daga shafin kamfanin tun a gida. Gwada kowace mashiga, murɗa kowane maɓalli daga farko zuwa ƙarshe kana saurare ko ƙura ta sa yana ƙara, kunna 48V ka ji makirfo ya tashi, ka ɗan girgiza wayar USB a raminta ka ga ko haɗin zai yanke. Mai kaya ya ƙi a gwada, bar masa abinsa.