Me ya hana a riƙa sakin jirgin Kubwa duk bayan minti goma?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. A Kubwa nake zaune, ina aiki a tsakiyar birnin Abuja. Tun da aka cire tallafin mai kuɗin mota ya fi ƙarfina, na koma jirgin ƙasa na cikin gari. Amma in na safe ya wuce ni, ranar na makara ke nan, har an ba ni takardar gargaɗi sau biyu a ofis. Yanzu takan kai in tsallaka layin dogo a guje don in cim masa. Abokin aikina ya ce ba komai, direba na hango ni zai taka birki, kuma wai ganin dama ce ta hana hukuma sakin jirage bi da bi kamar motocin tasha, tunda layin yini yake ba kowa. Haka ne? Ina tsoron rasa aikina.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Kafin mu zo kan aikinka, bari mu fara da ranka. Maganar abokin nan naka ita ce maganar da na fi ji a shekarun da na yi a kan layi, kuma ita ce ta fi cin mutane.

Jirgin ƙasa ba ya tsayawa don an hango ka. Tayarsa ƙarfe ce a kan ƙarfe, kuma inda taya ke taɓa dogo bai wuce faɗin kwabo ba. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana iya tsayawa cikin ƙasa da mita 100. Jirgin fasinja mai irin wannan gudu, ko direba ya danna birkin gaggawa, sai ya ja rabin kilomita ko fiye kafin ya tsaya, in kuwa an yi yayyafi dogon ya jiƙe, abin ya fi haka. Ba shi da sitiyarin da zai kauce maka. Abin da direba ke iyawa shi ne ya danna ham, ya ja birki, ya zuba ido. Na taɓa zama da wani direba bayan irin wannan ta faru da shi, an miƙa masa ruwa a kofi ya kasa kai shi baki saboda rawar hannu. Cewa yake, "Na gan shi tun daga nesa, wallahi na gan shi." Ganin bai hana komai ba.

Ido ma yana yaudara. Abu mai girma in ya doso ka kai tsaye sai ka ga kamar tafiyar hawainiya yake. A ranar 9 ga Maris 2023, motar bas ɗauke da ma'aikatan gwamnatin Legas ta yi ƙoƙarin riga jirgi wucewa a mahaɗar PWD da ke Ikeja, jirgin ya kwashe ta ya ja ta a kan dogo, mutum shida suka rasu. Su ma ofis za su, su ma gudun makara ake yi. Duk da haka kullum sai ka ji wani gwanin majalisa, wanda bai taɓa shiga kan jirgi ba, yana koya wa mutane cewa ai direba zai tsaya. Har da masu cewa ka ɗora kunne a dogo ka ji ko yana tafe. Na rasa inda suke samo wannan karatu.

To wannan birkin dai shi ne amsar tambayarka ta biyu. Tunda jirgi ba ya tsayawa da ganin ido, ana yanka layi gunduwa-gunduwa, sigina, wato alamar da ke ba direba izinin wucewa ko tsayawa, ba ta barin jirgi biyu a gunduwa ɗaya. Layin da kake gani ba kowa, wannan sararin shi ne tazarar birkin na baya. Sakin jirage kamar yadda ɗan kamasho ke sallamar mota ya danganta da tsawon gunduwoyin da lafiyar siginar. In ɓarayin waya suka yanke kebul, ko 'yan jari bola suka kwance kusoshin dogo, dole a koma ba da izini ta rediyo, a rage gudu, tazara ta ƙaru. Kai ma da kake tsallakawa kana cikin masu jawo wannan, domin duk inda jama'a ke ratsa layi sai an sa wa direba dokar tafiya a hankali.

Sai lissafin jirage. A misali, in zuwa da dawowa da juyawa a tashar ƙarshe na cin minti 90, kana so jirgi ya zo duk minti 15, to jirage shida kake buƙata a kan layi, ban da na ajiya da wanda ke gareji, kowanne da direbobin safe da na yamma. Ga shi layinku da ke tasowa daga tashar Gbazango a Kubwa, bayan ya bi Kagini da Dei-Dei da Gwagwa, a Idu yake haɗuwa da wanda ya taso daga filin jirgin sama, kuma a mahaɗa dole wani ya jira wani. Layin Abuja zuwa Kaduna ya fi wannan wuya, tunda kilomita 186 ne a kan dogo guda, jirage ba sa giftawa sai a tasha.

Inda abokinka ya taɓo gaskiya shi ne wajen hukuma. An buɗe jirgin Abuja a 2018, aka tsayar da shi a 2020 lokacin korona, bai dawo ba sai Mayun 2024. Mun iya bikin yanke kyalle, amma kuɗin gas da kayan gyara da horar da direbobi sai fayil ya zaga tebur goma. Kuma a daina cewa sai fasinja sun yi yawa za a ƙara jirage. Mutum ba ya dogara da jirgin da in ya kuɓuce masa sai ya yi awanni yana jira. Switzerland tun 1982 ta tsara jiragenta su riƙa tashi a minti iri ɗaya a kowace awa, har fasinja ya daina duba jadawali. Ko kowane minti 30 aka tsayar mana safe da yamma, aka riƙe shi ba fashi, da taragai sun cika.

Ku masu shiga kullum ku haɗa kai ku rubuta wa sashen sufuri na hukumar babban birnin tarayya, domin jirgin cikin gari nasu ne, na Kaduna ne ke hannun hukumar jiragen ƙasa ta NRC. Kada ku ce "a ƙara jirage" kawai. Ku faɗi tashar, ku faɗi lokacin da kuke so tsakanin 6 da 9 na safe, ku sa adadin mutanen da ake bari a dandamali, ku sa hannu. Kai kuma ka kai wa maigidanka jadawalin jirgin, ka roƙi a matsar maka da lokacin shiga da na tashi. Gobe ka fito da minti 20 kafin yadda ka saba, ka bi ta ƙofar tasha, in ya wuce ka ka bar shi ya tafi.