"Ya haƙuri?" "Da godiya": amsar tambayoyinku a kan godiya, gwaji da jaraba

Tambayoyi uku na tsinto wannan makon, kuma kamar an haɗa baki, duk sun karkata wuri ɗaya. Zan fi daɗewa a kan ta farko don ita ta hana ni barci.

Wata mama ce daga wajen Mubi ta rubuto, ta ce ita 'yar EYN ce, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, tana cikin waɗanda suka gudu a watan Oktoba na 2014 lokacin da Boko Haram suka shiga garin har suka mamaye hedikwatar ikilisiyarsu da ke Kwarhi. Ta ce: "Malam, da muka dawo gidanmu toka ne, mijina bai dawo ba, amma duk wanda ya ce mini ya haƙuri sai na ji bakina ya ce da godiya. Shin ƙarya nake yi? Me kalmar take nufi ne a bakin wanda aka yi wa rashi?"

Mama, sannu da haƙuri, Ubangiji ya ƙara ta'azantar da ke. Ba ƙarya kike yi ba sam, kuma bari in nuna miki daga cikin harshen kansa. Ki lura da gaisuwarmu, in aka ce ina aiki sai mutum ya ce aiki da godiya, ko da kuwa leburanci yake yi a rana tun safe bai karya ba. Bai ce aiki da daɗi ba fa, kuma wanda ya tambaye shi bai ji haka ba. Daɗi labarin aikin ne, godiya kuwa labarin inda mai aikin ya sa fuskarsa ne, kuma Bahaushe ya raba su tun tuni, shi ya sa za ki iya zama a tabarmar makoki ido ya kumbura ki ce da godiya, babu wanda zai ɗauka cewa kike yi mutuwar ta miki daɗi.

Sai nahawu kaɗan, ki yi haƙuri da ni, aikina ke nan. Kalmar gode tana ɗaukar abu biyu kuma kowanne da ƙofarsa. Wanda ake gode wa yana shigowa ta "wa" ko "ma", na gode wa Allah, na gode miki. Abin da ake godiya a kansa kuwa yana shigowa ta "da" ko "saboda", na gode da ziyara. Toh ki duba amsar da kike bayarwa, da godiya, ko mun gode Allah. A "mun gode Allah" an ambaci wanda ake gode wa, ƙofa ta biyu kuwa an bar ta a rufe, ba a ce saboda gobara ba, ba a ce saboda kisa ba. Wannan ya yi daidai da abin da Manzo Bulus ya rubuta a 1 Tasalonikawa 5:18, cewa a yi godiya a cikin kowane hali. A cikin ya ce. Mutum yana cikin ruwa tsundum yana kiran sunan wanda zai fid da shi, ba ruwan yake yabo ba.

Na san wani zai jawo mini Afisawa 5:20 inda aka ce a riƙa godiya saboda kowane abu, kuma gaskiya ne ayar tana nan, ba zan ɓoye ta ba. Yadda za a haɗa ayoyin biyu aikin fastoci ne da malaman tauhidi, sun fi ni. Abin da ni dai na tsaya a kai shi ne kada a ɗauki kalmar godiya a mai da ita bulala. Na sha gani a gidan makoki, mace tana kuka sai wata ta dafa ta ta ce haba, ina bangaskiyarki, ki gode wa Allah mana, kamar dai hawaye butulci ne. Butulu a Hausa shi ne wanda aka yi wa alheri ya manta ko ya rama da mugunta, ba mai kuka ba. Littafi Mai Tsarki yana da littafi guda sukutum mai suna Makoki. Zabura 13 ta fara da tambayar har yaushe Ubangiji zai manta da ni, ta ƙare da waƙar yabo, duk a baki ɗaya. Yesu da kansa ya yi hawaye a kabarin Li'azaru. Ayuba ma da muke buga misali da haƙurinsa, sai da ya yayyage rigarsa ya aske kansa ya faɗi ƙasa tukuna ya ce Ubangiji ne ya bayar, Ubangiji ne ya karɓa, a yabi sunansa.

Kakata manomiya ce, shekarar da fari ya cinye musu dawa ranar baikon godiya na kaka ta ɗauki ɗan kwanon gyaɗa ta tafi majami'a, Zumuntar Mata suna waƙa tana rawa har gaban bagade, rumbunta kuwa ko rabi bai kai ba. Ina yaro na tambaye ta me za ta gode wa, ta ce ai ba rumbu take gode wa ba. Sai da na girma na karanta Habakkuk 3:17 da 18, inda annabin ya ce ko ɓaure bai yi toho ba, inabi bai yi 'ya'ya ba, garke ba tumaki, turke ba shanu, duk da haka zai yi murna da Ubangiji, sannan na gane tsohuwar nan da ba ta iya karatu ba ta riga ni sanin babin.

Tambaya ta biyu daga wani ɗalibin makarantar Baibul ce a Jos. Ya ce wasu suna cewa gwaji, wasu jarrabawa, wasu jaraba, duk ɗaya ne?

Ɗan'uwa, ba ɗaya ba ne, kuma ka yi hattara da wannan "r" ɗin. Gwaji daga gwada yake, Hausa ce tsantsa, tela yana gwaji, maƙeri yana gwada kaifin fartanya, ana yi ne don a ga ingancin abu. Jarrabawa mai "r" biyu daga Larabci muka aro, ma'anarta kusan ɗaya da gwaji, ita ce ta ɗan makaranta kuma ita ce ake nufi in an ce Allah ya ba mu ikon cin jarrabawa. Jaraba mai "r" ɗaya kuwa, ko da yake tushensu ɗaya, ta bi wata hanya daban a bakin Hausawa, ta koma kwaɗayin da ke jan mutum ga abin da zai lalata shi, jarabar caca, jarabar taba, har a ce wane jarababbe ne. Abin sha'awa, Helenancin Sabon Alkawari kalma ɗaya ce take ɗauke da duka biyun, shi ya sa a Yakubu sura 1 aka ce mu ɗauka abin farin ciki ne in muka shiga gwaje-gwaje iri iri don suna haifar da jimiri, sannan a aya ta 13 aka ce kada wanda aka jarabta ya ce Allah ne ya jarabce shi. Mai karanta Helenanci sai ya duba mahallin magana kafin ya rarrabe, mu kuwa harshenmu ya raba mana. Don haka in kana wa'azi kada ka ce wa jama'a su gode wa Allah saboda jaraba, ita roƙo muke yi a addu'ar Ubangiji kada a kai mu cikinta.

Ta ukun gajeriya ce. Wani matashi daga Kafanchan ya ce an tsawata masa don ya ce alhamdulillahi bayan ya tsira daga hatsarin mota, wai ba maganar Kirista ba ce, ya kuma tambayi ma'anar yaba kyauta tukwici.

Ta fuskar harshe dai alhamdulillahi ma'anarta yabo ya tabbata ga Allah, kuma Kiristocin Masar da Lebanon suna faɗinta kullum don Larabci ne harshensu. Mu ma tun fassarar Littafi Mai Tsarki ta 1932, wadda Likita Walter Miller na Zariya da Wusasa yake cikin manyan masu aikinta, sunan Allah muke amfani da shi, alheri da albarka ma ai daga Larabcin suka zo. In a ikilisiyarku an fi sabawa da yabo ga Ubangiji ko mun gode Allah, ka bi na gida don zaman lafiya, amma ba saɓo ka yi ba.

Tukwici kuwa ɗan abin da ake ba wanda aka aiko ya kawo maka kyauta ne, yaro ya kawo kwanon tuwo daga maƙwabta ka ba shi naira hamsin. Karin maganar tana cewa in ba ka da abin bayarwa, yaba kyautar ma ya wadatar. Kai da ka fito daga motar nan da ƙafarka ba ka da abin da za ka biya da shi, ran Lahadi ka tashi lokacin shaida ka faɗa wa jama'a abin da aka yi maka, ka kuma tuna da waɗanda kuke mota ɗaya da ba su samu fitowa yadda ka fito ba, ka sa su da iyalansu a addu'a.