Tambaya da Amsa: Wayar Rangwame da Kwantiragin Wata 24

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Wayata ta tsufa, batirinta ba ya kai ni azahar sai na sake jona ta a caji. Wani kamfanin sadarwa ya yi mini tayin sabuwar waya mai tsada, cewa zan ba da ɗan abu kaɗan in tafi da ita, muddin na sa hannu zan zauna a kan layinsu wata 24 ina biyan kuɗi duk ƙarshen wata. Maigidana ya ce in haƙura in tara kuɗi in saya gaba ɗaya, ni kuwa ina ganin garaɓasa ce za ta wuce ni. Wanne ya fi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Kafin in ce miki ga wanda ya fi, ina so ki riƙe abu guda, wato kamfanin sadarwa ba ya ƙera waya, sayenta yake yi daga masu ƙerawa da kuɗinsa, kuma duk abin da ya rage miki a ranar da kika karɓe ta yana nan a lissafe cikin kuɗin da za ki riƙa biya duk wata. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Wannan ba ya nufin cewa an cuce ki, domin sayarwa a kan bashi ciniki ne kamar kowane ciniki, amma ya kamata ki san cewa bashi kika ɗauka, ko da takardar ta kira shi rangwame ko kyauta.

Misalin da ya fi fitowa fili shi ne na Amurka, inda wannan tsari ya yi shekaru yana tashe. A shekarar 2012 ana sayar da wayar iPhone 5 mai mafi ƙarancin ma'aji a kan dala 199 ga wanda ya yarda da kwantiragin shekara biyu, alhali farashinta ba tare da kwantiragi ba dala 649 ne. Ratar dala 450 da ke tsakani, idan aka raba ta gida 24, ta kusa dala 19 a kowane wata, kuma a cikin kuɗin sabis ake cusa ta ba tare da an rubuta ta daban ba. Wanda ya so ya fita kafin wa'adi sai ya tarar da tara tana jiransa, wadda a kamfanin Verizon ta kai dala 350, a AT&T kuma dala 325, tana raguwa kaɗan-kaɗan da tafiyar watanni. Abin da ya fi damuna a tsarin shi ne, mutumin da ya cika shekara biyu bai sauya waya ba yakan ci gaba da biyan kuɗin nan yadda suke, wato yana biyan kuɗin wayar da ya riga ya gama biya. A 2013 kamfanin T-Mobile ya daina irin wannan kwantiragi ya raba kuɗin waya da kuɗin sabis, Verizon ya bi sahu a 2015, AT&T kuma a farkon 2016.

Sai dai tsugune ba ta ƙare ba. Sabon salon shi ne a rubuta miki cikakken farashin wayar a matsayin bashin wata 24 ko 36, sannan a riƙa yafe miki wani kaso duk wata matuƙar kina kan layinsu, galibi kuma a kan tsari mai tsada. Ranar da kika tashi tafiya yafiyar ta tsaya, ragowar bashin ya hau kanki. Sunan kwantiragi ya ɓace, igiyar kuwa tana nan a ƙafa.

Saboda haka ki ɗauki biro da takarda ki yi lissafi biyu. A na farko ki haɗa kuɗin da za ki ba da a ranar farko da kuɗin wata sau 24, da kuɗin buɗe layi idan akwai. A na biyu ki haɗa cikakken farashin wayar a kasuwa da kuɗin layi zalla, wanda babu waya a cikinsa, shi ma sau 24, kuma ki zaɓi yawan datar da kike ƙonawa da gaske, abin da za ki gani a saitin tsohuwar wayarki. Mutane da yawa a nan suke yin asara, domin sharaɗin rangwamen yakan tilasta musu tsarin da ya ninka buƙatarsu. Idan jimillar farko ta yi ƙasa da ta biyu ko sun yi kusa, kuma kina da tabbacin samun kuɗin shiga na shekara biyu, to ki karɓa ba tare da fargaba ba. Idan ta haura da yawa, maganar maigidanki ta fi ƙarfi, kuma kafin ku tara kuɗin, sauya batir kawai yana iya ƙara wa tsohuwar wayar kwana.

In kin yanke shawarar sa hannu, kada ki bari a yi miki gaggawa a gaban kanta. Ki tambaya ko suna da ikon ƙara kuɗin wata a tsakiyar wa'adi, da nawa ne tarar fita, da abin da zai faru idan wayar ta ɓace ko ta fashe, domin bashin ba ya ɓacewa tare da ita. Ki tambaya kuma ko kuɗin zai sauka da kansa bayan wata na 24. Wannan matsala ta yi yawa a Birtaniya har hukumar sadarwar ƙasar, wato Ofcom, ta wajabta wa kamfanoni tun Fabrairun 2020 su riƙa sanar da mutum idan wa'adinsa ya kusa cika. A ƙasashen Tarayyar Turai doka ta hana wa'adin farko ya wuce wata 24. Dokar kowace ƙasa daban ce, don haka ki duba abin da hukumar sadarwar ƙasarki ta tanada, kuma duk alkawarin da mai sayarwa ya yi miki da baki ki nemi ya nuna miki shi a rubuce.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na sayi waya ta hannu a wurin wani, tana da kyau kamar sabuwa, amma da na sa layina sai ta rubuta cewa ba ta karɓar wannan sim. Ta lalace ne?

Amsa: Malam, da alama ba lalacewa ta yi ba, kulle ta aka yi. Kamfanin da ya sayar da waya a kan rangwame yakan kulle ta yadda ba za ta karɓi layin kowa ba sai nasa, kuma shi kaɗai ne ke da hurumin buɗe ta yadda ya dace, yawanci bayan an gama biyan kuɗinta. Ƙasashe da dama sun taka wa wannan al'ada birki: Kanada ta hana sayar da waya a kulle tun Disambar 2017, Birtaniya ta yi haka a Disambar 2021, a Amurka kuma dokar 2014 ta halatta wa mutum ya buɗe wayarsa. Ka koma wurin wanda ya sayar maka ya nemi kamfaninsa ya buɗe ta, in ya kasa ya mayar maka da kuɗinka. Ka danna *#06# lambar shaidar wayar mai alƙaluma 15, wato IMEI, za ta fito, da ita ake bincika ko an ba da rahoton wayar a matsayin ta sata ko wadda ta ɓace, domin irin wannan ko an buɗe ta ana iya hana ta aiki. Nan gaba ka sa layinka ka yi kira a gaban mai waya kafin kuɗi ya bar hannunka.

Tambaya: Ranka ya daɗe, kowane kamfani cewa yake sabis ɗinsa ya fi na kowa. Ta yaya mutum zai zaɓa?

Amsa: Ɗan'uwa, kamfanin da ya fi shi ne wanda sabis ɗinsa ke shiga ɗakin da kake kwana da wurin da kake neman abinci, ko da shi ne na ƙarshe a wajen talla. Taswirar da suke nunawa a shafinsu na intanet kwamfuta ce ta yi kirdadonta, ba ta san kaurin bangon gidanka ba, ba ta kuma san yawan jama'ar da ke rububin eriya ɗaya da kai bayan magariba ba. Shi ya sa nake ba da shawarar mutum ya sayi layi mai arha wanda babu kwantiragi a kansa, ya riƙe shi mako guda. Ka yi kira daga ƙuryar ɗaki da ƙofa a rufe, ka buɗe bidiyo da dare lokacin da kowa ya hau, ka lura da inda kira ke yankewa a hanyarka ta zuwa aiki. Sandunan sabis da ke saman fuskar waya suna iya cika fal alhali shafi ɗaya ya ƙi buɗewa, saboda ƙarfin siginal kawai suke nunawa, ba sa nuna cunkoso.

Kada ka raina ƙananan kamfanonin da ba su da eriyar kansu, waɗanda ke sayen sabis a sari daga manya su sayar da araha. Eriyar ɗaya ce, ko da yake a wasu wuraren ana fifita masu layin babban kamfanin idan hanya ta cushe. Haka kuma idan ka ga an rubuta data mara iyaka, ka nemi ƙananan rubutun da ke ƙasa, domin sau da yawa akwai adadin da idan ka kai shi za a rage maka gudu, ko a taƙaita abin da za ka iya raba wa kwamfuta daga wayar.

Tsoron rasa lamba ma bai kamata ya ɗaure ka ba, tun da a ƙasashe da yawa mutum yana da ikon ƙaura da lambarsa zuwa wani kamfani. Abin kiyayewa shi ne kada ka rufe tsohon layin da kanka kafin ƙaurar ta kammala, domin lambar da aka rufe ba ta ƙaura. Ka bar sabon kamfanin ya janyo ta, sannan ka tabbatar saƙonnin banki suna shigowa a sabon sim kafin ka ajiye tsohon.